Kwana Uku a Zoben Haske

Wajen ƙarfe biyu da rabi na dare lambar da ke kan allon bango ta faɗo ta koma sifili. Babu wanda ya zabura. Ɗalibar da ke riƙe da linzamin kwamfuta ta sake shi, ta jingina da kujera ta lumshe ido. Wani ya miƙe ya nufi injin kofi. A gida idan aka ce an ɗauke wuta, duhu ake nufi. A nan fitilu na nan tar, famfunan zuƙe iska na ta gurnaninsu, amma hasken da ya tara mu ya tafi, kuma duk mintin da ya wuce ba ya nan, daga cikin awa 72 da aka ba wannan tawaga ake cire shi.

Wurin wata cibiyar bincike ce a bayan wani gari a Turai. Cikin hunturu na je, baƙo mai kallo, tare da mutum biyar da suka zo auna wani kiristal. Daga nesa ginin kamar ƙaton awarwaro aka ajiye a fili. A cikinsa, bayan bangon kankare mai kauri, akwai bututun ƙarfe da ya zagaya ya haɗe, tsawonsa ɗaruruwan mitoci, elektiron na gudu a ciki da saurin da ya kusa kamo na haske. Duk inda maganaɗisu ya tanƙwara musu hanya sai su zubar da haske mai tsananin ƙarfi, har da irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Sunan na'urar sinkurotiron. Ana jan hasken ta wasu bututai da suka fita daga zoben, kowanne da ɗakin gwaji a ƙarshensa, kowane ɗaki da mutanensa da abin da ya hana su barci: nan masu duba furotin, gaba masu binciken batir, can gaba masu neman sanin fentin da aka yi wani tsohon zane da shi. Zauren ya yi girman da ma'aikata ke hawa keke a cikinsa.

Masu binciken jami'a ba sa sayen wannan haske, roƙonsa suke yi. Sau biyu a shekara ake rubuta takardar neman lokaci, kwamitin masana ya tantance, da yawa su koma hannu rabbana. Wanda ya dace a ba shi kwana biyu ko uku, watanni bayan ya nema. Shi ya sa babu dare babu rana. Tawagar ta kasu biyu, wasu su kwanta a masaukin baƙi wasu na aiki. Zauren ba shi da taga, rana kuma tun bayan ƙarfe huɗu take faɗuwa a wannan lokaci na shekara, don haka da agogon waya nake sanin azahar ta yi, kafin in ankara la'asar ta taka mata sawu. Wani ma'aikaci da ya ga ina neman lungu ya buɗe mini wani ɗakin ajiya babu ko tambaya, ya bar mini mabuɗin har na tafi.

Na'urar da tawagarmu ta samu tarin tukwanen ƙarfe ce da bututai da 'yan tagogin gilashi, an naɗe ta da takardar alminiyam kamar naman da za a gasa. Gasa ta ɗin kuwa ake yi. Duk lokacin da aka buɗe ta, sai an ɗumama ta kwanaki da zafin da ya wuce na tafasar ruwa, don laimar da ta maƙale a jikin ƙarfen ta fita. Iskar da ke saura a ciki ba ta kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na wadda muke shaƙa ba.

Abin da duk wannan ƙarfe da kankare ke yi wa hidima bai kai ƙwayar gero ba. Wadda ta kawo shi, cikin 'yar kwalba a aljihun rigar sanyinta, masaniyar haɗa sinadarai ce, kuma ita ce mafi ƙarancin magana a tawagar. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse; ban taɓa zaton zan ga mai wannan sana'a ido da ido ba. Takan auna garin ƙarfe da na asenik ko fosfaras, ta zuba a bututun gilashin kwaz tare da ɗan aidin, ta zuƙe iskar, ta narke bakin bututun ta rufe. Daga nan sai tanderu, gefe ɗaya ya ɗara ɗayan zafi, a kusa da digiri 1000. Aidin ne ɗan dako: ya ɗauki sinadarin yana tururi daga wannan gefe ya sauke a wancan, ƙwayar zarra bayan ƙwayar zarra, kowace ta zauna a gurbinta. Mako biyu, mako uku, wani lokaci wata guda. Asenik guba ne, bututu kuma yakan fashe a cikin tanderu. Ranar buɗewa ko a tarar da 'yan ƙwayoyi masu sheƙi, ko a tarar da toka. Idan takardar bincike ta fito, sunan irin waɗannan mutane yawanci a tsakiyar jerin marubuta yake, inda ido ba ya tsayawa. Ni dai a kwana ukun nan ban ga wanda aikin ya rataya a wuyansa kamar ita ba.

Tambayar da ta kawo su tsohuwa ce, yaro ma zai iya yin ta. Me ya sa wayar tagulla ke ɗaukar lantarki, gilashi ba ya ɗauka, alhali dukkansu cike suke da elektiron? Amsar ta fara fitowa a aikin Felix Bloch a 1928, Alan Wilson ya ƙarasa fayyace ta a 1931. A ƙwayar zarra guda, elektiron ba ya ɗaukar kuzarin da ya ga dama. Akwai matakai kamar na tsani, ko yana kan wannan ko yana kan wancan, babu tsayuwa a tsakani. Idan ƙwayoyin zarra bila adadin suka jeru sahu-sahu suka zama kiristal, kowane mataki sai ya baje ya koma ziri mai faɗi, tsakanin ziri da ziri kuma a sami giɓin da babu mai zama a cikinsa. Elektiron biyu ba sa haɗa hali ɗaya, saboda haka daga ƙasa suke cikowa, kamar hatsi a rumbu. Inda cikar ta tsaya shi ne matakin Fermi. Idan ta tsaya a tsakiyar ziri, akwai sarari a sama, ɗan turawa kaɗan elektiron sun motsa: ƙarfe ke nan. Idan zirin ya cika fal, na gaba kuma ya yi nisa, babu motsi. Giɓin daimon ya kai wajen elektiron-bolt 5.5, shi ya sa lantarki ba ya ratsa shi. Na silikon 1.1 ne, daidai yadda ɗan Adam zai iya sarrafa shi, kuma duk wata kwamfuta da wayar hannu a kan wannan ɗan giɓi suke zaune.

Akwai kuma wasu kaya da zirin ƙasa da na sama ke taɓa juna a ɗigo ɗaya tak. A zana kalangu a zuci, a matse ƙugunsa har ya koma tsinin allura: rabin ƙasa cike, rabin sama fayau, mahaɗarsu ɗigo. Ba su cika ƙarfe ba, ba su kuma hana lantarki wucewa. Yadda muke cewa ja-ja ko ruwa-ruwa, ni ƙarfe-ƙarfe nake ce musu. Sai dai a kula, wannan kalangu ba a wani lungu na kiristal yake ba da za a nuna da yatsa. A taswirar motsi yake, wadda ke nuna ina elektiron ya nufa, da wane ƙarfi, kuma nawa ne kuzarinsa. Wannan ne wurin da na fi daɗewa kafin ya zauna mini, kuma da ya zauna sauran suka zo da sauƙi.

A kusa da wannan ɗigo elektiron na yin abin mamaki: suna tafiya kamar ba su da nauyi, irin tafiyar haske, ko da yake gudunsu bai kai nasa ba. A girafin, wato fallen gawayi mai kaurin ƙwayar zarra guda da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓantaro a Manchester a 2004, gudun kusan kashi ɗaya cikin 300 ne na haske. Tun 1929 masanin lissafi Hermann Weyl ya ɗauki lissafin da Paul Dirac ya fitar shekara ɗaya kafin nan, ya nuna cewa idan ƙwaya irin elektiron ba ta da nauyi, za ta kasu biyu, ta hannun dama da ta hannun hagu. An daɗe ana zaton wadda ake kira nutirino ce wannan ƙwaya, sai gwajin Super-Kamiokande a Japan ya nuna a 1998 cewa nutirino na da ɗan nauyi. Lissafin Weyl ya zauna babu mai shi. A 2011 Xiangang Wan da abokan aikinsa suka yi hasashen cewa a cikin kiristal za a same shi. A 2015 tawagar Zahid Hasan, haifaffen Bangaladash da ke Jami'ar Princeton, da tawagar Hong Ding a Beijing, kowace da nata gwajin, suka gan shi a haɗin tantalam da asenik, mai irin wannan ɗigo, da ake kira ɗigon Weyl, guda 24. A shekarar ce kuma aka ba da kyautar Nobel kan gano nauyin nutirino.

Jaridu a lokacin sun ce an gano sabuwar ƙwaya. Shugabar tawagarmu ba ta son wannan magana, kuma na ga gaskiyarta. Idan iska ta ratsa gonar gero, za ka ga wani abu kamar igiyar ruwa ya taso daga wannan ƙarshe ya nufi wancan, alhali babu karan da ya bar gindinsa. Ƙwayar Weyl ta cikin kiristal irin wannan ce: tafiyar haɗin gwiwa ce ta elektiron a tsakanin sahun ƙwayoyin zarra. Ba za ka ciro ta ka sa a kwalba ba. Wannan bai rage mata komai ba a idona.

Saura kalmar topoloji, wadda ta fi tsorata mutane. Ɗauki igiya ka ƙulla ta, sannan ka haɗe bakinta biyu. Ka ja, ka murɗa, ka tura ƙullin daga nan zuwa can, ba zai kwance ba sai an yanke igiyar. Ilimin abin da ba ya sauyawa duk yadda aka lanƙwasa shi ne topoloji, kuma shigo da shi cikin fiziks ne ya ba David Thouless da Duncan Haldane da Michael Kosterlitz kyautar Nobel ta 2016. Kowane ɗigon Weyl ƙulli ne irin wannan a taswirar motsi. Na dama kamar idon ruwa ne mai ɓuɓɓugowa, na hagu kamar rami mai shanyewa, kuma tun 1981 Nielsen da Ninomiya suka tabbatar cewa a kiristal bibbiyu suke zuwa, ba a samun ɗaya shi kaɗai. Matsa kiristal ɗin, ɗumama shi, zuba masa ɗan datti, ɗigon zai gusa amma ba zai ɓace ba, sai in ya gamu da kishiyarsa sun cinye juna. A wasu kaya, kamar haɗin sodiyam da bismut ko kadmiyam da asenik da aka auna a 2014, na dama da na hagu a wuri ɗaya suke zaune, ɗaya bisa ɗaya, ana ce musu ɗigon Dirac. Kafin su rabu sai tsarin kiristal ɗin ya zama maras tsakiyar da ake juya shi ya koma yadda yake, kamar na tantalam da asenik, ko kuma ya zama mai maganaɗisu, kamar haɗin kobal da kuza da farar wuta da aka tabbatar a 2019.

Yadda ake ganin wannan taswira kuwa, daga abin da Einstein ya bayyana a 1905 ya samo asali: haske mai isasshen ƙarfi idan ya bugi ƙarfe yakan fisgo elektiron. A saman na'urar akwai wani abu kamar ƙwarya biyu a kife, ƙarama cikin babba, shi ke tare elektiron da suka fito, ya auna kuzarin kowanne da kusurwar da ya fito. Daga waɗannan biyu ake lissafo halin da yake ciki kafin a fisgo shi, yadda mai bin sawu ke sanin inda dabba ta fito da irin gudun da take yi. Miliyoyin elektiron sai sun taru kafin layi ya bayyana a allo.

Matsalar ita ce elektiron da ke iya fitowa daga 'yan sahun farko ne kawai na fuskar kiristal, fuskar da ta taɓa shan iska kuwa ta ɓaci. Dole a fasa shi a cikin na'urar. Ranar farko na zauna kusa da wani ɗalibi, na ga ya sa kiristal a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ɗiga masa gam mai azurfa da tsinin allura, ya dasa wani ɗan sanda siriri a kansa, yana riƙe numfashi. Bayan gam ya bushe aka shigar da shi, aka sanyaya da ruwan hiliyam, wanda ke tafasa a digiri 269 ƙasa da sifili. Sai wani ya leƙa ta 'yar tagar gilashi, ya kama wani hannun ƙarfe daga waje, ya doki sandan. Sandan ya faɗi da rabin kiristal, sauran rabin ya bayyana da sabuwar fuska. Aikin wata guda a tanderu, da takardar da aka rubuta wata shida da suka wuce, duk a wannan duka ɗaya suke. Na farko ya farfashe kamar gishiri. Na biyu gam ne ya saki, sandan ya tafi shi kaɗai. Na uku ya ba da fuska mai sheƙi kamar madubi, na ga masaniyar sinadaran ta yi murmushi karo na farko.

Wannan fuskar ake aunawa lokacin da hasken ya ɗauke. Kuma fuska tana tsufa. Ko a wannan wuri da aka zuƙe iskarsa, 'yar ragowar na sauka a kanta sannu a hankali, layukan su dusashe. Bayan kusan awa guda masu kula da zoben suka dawo da hasken, lambar allo ta hau, kowa ya koma kujerarsa.

Gab da asuba abin ya fito. A ƙarfe na yau da kullum, layin da matakin Fermi ke zanawa a taswirar fuska rufaffe ne, kamar zobe, ya zagaya ya dawo inda ya fara. A kayan Weyl kuwa akwai layin da ke tashi daga inuwar ɗigon dama ya tsaya cak a inuwar na hagu, buɗaɗɗe, kamar bakan maharbi. Bakan Fermi ake ce masa, shi ne shaidar da kowa ke nema. Ga shi a allo, siririn layi mai haske, ya lanƙwasa ya tsaya. Ɗalibar ta kira shugabar a waya da sunanta tsurarsa, babu Farfesa babu ranki ya daɗe, haka suke yi a can. Ni har na bar wurin bakina bai iya ba.

Ta zo da rigar sanyi a kan kayan barci. Ta daɗe tana kallo. Na zaci za a yi murna, sai na ji tana lissafo hanyoyin da wannan hoto zai iya zama ƙarya. Wataƙila zobe ne cikakke wanda rabinsa ya dusashe, don yadda hasken ke faɗowa yakan ɓoye wasu layuka. A juya hasken a gani. Wataƙila layin daga cikin kiristal yake, ba daga fuska ba. A sauya ƙarfin hasken, in na ciki ne zai gusa, in na fuska ne zai tsaya inda yake. Sannan a zana da'ira a taswirar, a ƙirga sau nawa layuka suka ratsa ta, a gwada da abin da masu lissafi suka fitar a kwamfuta. Mun saba cewa gani ya kori ji. A ɗakin nan gani shi ne farkon tuhuma.

Tana da dalili. Bayan 2015 ɗakunan gwaji da dama sun ba da rahoton cewa idan aka sa maganaɗisu a layi ɗaya da lantarki a irin waɗannan kaya, turjiyar da suke yi wa lantarki na raguwa, abin da ake ɗauka alama ce ta elektiron na ƙaura daga ɗigon dama zuwa na hagu. Daga baya aka nuna cewa a wasu gwaje-gwajen lantarkin ne ke tattaruwa ya bi siririyar hanya tsakanin wayoyin da aka manna, ma'auni ya ba da lambar da ba ta gaskiya ba. Abin da ya fi burge ni a wannan cibiya ba girman zoben ba ne. Mutum ne ya ga abin da ya shekara yana fata, da asuba, a gajiye, ya ce a sake aunawa.

A daren ƙarshe, muna jiran wani dogon awo, na ɗauki kwalbar garin niyobiyam da ke kan tebur ina juyawa, sai hankalina ya tafi Jos. Tsohon sunan wannan ƙarfe kolombiyam, daga dutsen kolombait ake samun sa, wanda ke fitowa tare da kuza a filayen Filato, inda dubban 'yan ƙwadago daga ƙasar Hausa suka yi aikin haƙa da wanki. A shekarun 1950, lokacin da ake neman sa don injin jirgin sama, Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait. Ɗan'uwansa tantalam, har yau kaso mai yawa daga Kwango da Ruwanda yake fitowa, Nijeriya ma na cikin masu fitarwa. Amma a duk faɗin Afirka babu sinkurotiron ko ɗaya. A 2015 masana suka yi taro a Grenoble ta Faransa kan yadda za a gina wa nahiyar nata, ƙasashen Gabas ta Tsakiya kuma suka buɗe nasu na haɗin gwiwa, SESAME, a Jodan a 2017. Abin ya tsaya mini a rai. Ɗalibin fiziks a Zariya ko Yamai zai iya koyon lissafin Weyl da alli da allo, zai ma iya lissafo zirin kuzarin kiristal a kwamfuta, amma ganinsa sai da biza.

Amfanin waɗannan kaya fa? Babu su a wayar kowa tukuna, kuma babu wanda ya yi mini alkawari a tawagar. Akwai dai alamu. Wayoyin tagulla da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk sirantar da suka yi turjiyarsu ƙaruwa take, a 2025 kuwa masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa fallen niyobiyam da fosfaras, idan kaurinsa ya gaza nanomita 5, ya fi tagulla mai irin wannan kauri ɗaukar lantarki, saboda fuskarsa ce ke yin aikin. Binciken kwamfuta da aka wallafa a 2019 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kiristal da aka tantance suna da wani ƙulli na topoloji a zirinsu; ashe abin da ake zaton tsiraru ne, duba su ne ba a yi ba. Tsakanin aikin Bloch da ƙera taransista ta farko a 1947 ma shekara 19 ne.

A gwajin tawagarmu kuwa, da aka sauya ƙarfin haske, layin bai gusa ba. Da aka juya hasken, wani ɓangare na ɗaya gefen ya ɗan bayyana, dishi-dishi, yadda ba za a ce zobe ne ba, ba za a ce baka ne ba. Shugabar ta sa alamar tambaya a gefen hoton a littafin aiki. Watanni za su yi suna tace abin da suka tara, kuma mai yiwuwa sai sun sake rubuta takardar roƙo.

Ƙarfe takwas na safe sabuwar tawaga ta iso da akwatunanta, idanunsu garau. Aka kwashe kofuna, aka goge allo, aka miƙa musu kujeru. Masaniyar sinadaran ta mayar da ƙwayoyi biyu da suka rage cikin kwalbarta, ta sa a aljihu. A hanyar tashar jirgin ƙasa, dusar ƙanƙara na sauka a hankali, na tambaye ta ko yanzu za ta huta. Ta ce kafin ta taso ta sa wani bututun a tanderu, saura kwana tara a buɗe.